Guzurin Balisariyus

A watan Yuni na shekarar 533 jirage 500 na dakon kaya suka daga daga Kustantiniyya, jiragen yaƙi 92 na yi musu rakiya. Sarkin daular Rumawa Jastiniyan ne ya tura su ƙwato Arewacin Afirka daga hannun Bandalawa. A ciki akwai dakarun ƙasa 10,000 da mahaya dawakai 5,000, ban da matuƙa kusan 30,000. Kowane baki a cikinsu sai ya ci, sai ya sha, haka ma dawakai, na tsawon wata uku a hanya. A nan gwanintar Balisariyus, jagoran yaƙin, ta fi burge ni, fiye ma da abin da ya yi a fagen fama.

Fadawa sun ji tsoron tafiyar, kuma da gaskiyarsu. A 468 an tura rundunar da ta ninka wannan, Bandalawa suka ƙone jiragenta da yawa a teku, baitulmali ya daɗe bai farfaɗo ba.

Burodi ne ya fara ba da matsala. Burodin soja sau biyu ake gasa shi har ya bushe ƙarau, nauyinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ya jure tafiya. Babban jami'in kuɗi na daular, Yohanna na Kafadokiya, ya ga hanyar tsimi: aka gasa sau ɗaya, a wutar gidan wanka, don a rage kuɗin itace da ladan masu gashi. Kafin a bar Metoni a kudancin Girka ya ruɓe ya yi funfuna, mutum kusan 500 suka mutu. Balisariyus ya hana ci, ya sa aka nemo burodin gari, ya kai ƙara wurin sarki. Yohanna dai ko gezau, bai rasa kujerarsa ba.

Sai ruwa. Iska ta kwanta, ƙetarawa zuwa Sisili ta ci kwana 16, ruwan sha ya lalace a jirage. Wanda ya tsira shi ne na jirgin jagora, inda matarsa Antonina ta zuba ruwa a tulunan gilashi ta binne su cikin yashi a can ƙasan jirgi, inda rana ba ta kai. A Sisili kuwa an riga an daidaita da sarauniyar Gotawa, Amalasunta, ta buɗe musu kasuwa. Can ne magatakardan Balisariyus, Furokofiyus, wanda ta bakinsa muka ji yawancin labarin nan, ya jiyo cewa jiragen Bandalawa 120 sun tafi Sardiniya murƙushe tawaye. Teku ta zama fayau.

Da suka sauka a Ras Kabudiya, a gaɓar Tunisiya ta yau, wasu sojoji suka shiga gonaki suka tsinki 'ya'yan itace. Abin bai taka kara ya karya ba, amma Balisariyus ya hukunta su sosai. Lissafinsa a fili yake: mutanen ƙasar da yaren Rumawa suke magana, kuma sun gaji da Bandalawa. In an ƙwace musu kaya za su ɓoye hatsi su koma wa abokan gaba. In an biya su da kuɗi, da ƙafarsu za su kawo. Haka ko aka yi. Rundunar tana tafiya a natse, kimanin kilomita 15 a rana, jirage na biye da ita ta hannun dama, kowane dare sai an kafa sansani mai tsaro. Ranar 13 ga Satumba aka gwabza a Ad Desimum, bayan kwana biyu ya shiga Kartaj, shaguna a buɗe, sojoji suna sayen abincinsu a kasuwa.

Ya sake nuna wannan hali a birnin Rum, bayan yaƙi ya ɓarke da Gotawa. Da ya shiga a ƙarshen 536, kafin Gotawa su iso, ya cika rumbuna da alkamar Sisili. Suka zo suka kewaye birnin, suka datse magudanan ruwa, duwatsun niƙan da ruwan ke juyawa suka tsaya cik. Sai ya sa aka ɗaure jirage bibbiyu a Kogin Tiba, aka ɗora duwatsun a kansu, igiyar ruwa ta riƙa juya su. Gotawa suka dinga sako kututture da gawarwaki don su farfasa su, ya sa aka ja sarƙa ta tare kogin. Ya tura mata da yara kudu wajen Nafoli don a rage baki. Bayan shekara ɗaya da kwana tara, yunwa da annoba suka ci ƙarfin masu kewayen, suka ƙone sansanoninsu suka kama hanyar Rabenna.