Jude Dibia da nauyin zama na farko

A 2005 Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows, littafin da ake lissafa shi a sahun farko na ƙagaggun labaran Najeriya da jaruminsu ke neman jinsinsa. Adrian magidanci ne a Legas, wanda abokin aiki ya tona wa asiri don ramuwar gayya.

Raunin littafin shi ne an wanke Adrian fes, kamar marubucin na tsoron aibi ɗaya zai kayar da hujjarsa. Ƙarfinsa kuwa yana wajen Ada, matar da ta wayi gari tana tambayar mene ne gaskiyar aurenta. Dibia bai maishe ta muguwa ba, shi ya sa labarin ya wuce wa'azi.

Unbridled da Blackbird sun biyo baya a 2007 da 2011. Bayan dokar 2014 mai hukuncin ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ya bar ƙasar, daga bisani ya zauna a Malmo ta ƙasar Suwidin. Hanyar da ya share ce irin su Chinelo Okparanta suka faɗaɗa, har jarumansu suka samu damar yin kuskure kamar kowa.