Lallashin da bai hana rataya ba

Littafin Alan Paton, Cry, the Beloved Country, wanda masu karatu na ƙasarmu suka fi sani da sunan Pleure, ô pays bien-aimé, ya fito a 1948, shekarar da jam'iyyar wariyar launin fata ta hau mulki a Afirka ta Kudu. Labarin Stephen Kumalo ne, limamin cocin ƙauyen Ndotsheni, wanda ya tafi Johannesburg neman danginsa. Ya tarar ƙanwarsa ta faɗa karuwanci, ɗansa Absalom kuma ya harbe wani Bature har lahira.

Gwanintar marubucin ita ce bai sa kowa ya warware wa tsohon dalilin jarrabawarsa ba. Ta hannun ƴan'uwansa Kirista sanyin Ubangiji ya iso gare shi. Msimangu ya taka da shi unguwa-unguwa, daga baya ya miƙa masa ɗan abin da ya tara. Uwargida Lithebe ta ba shi masauki. Wa'azin gidan makafi na Ezenzeleni ya kwantar masa da hankali. Duk da haka hukuncin kisa bai sauya ba, uban ya kwana bisa dutse yana addu'a har asubar ranar.

Raunin littafin yana ga farfaɗowar Ndotsheni, wadda ta dogara ga alherin Jarvis, mahaifin mamacin. Madarar da ya aiko ta ceci yara, amma ba ta taɓa dokar 1913 da ta hana baƙar fata mallakar mafi yawan ƙasarsu ba. Malamin da zai karantar da littafin, ya sa ɗalibai su auna wannan madara da waccan doka.