Fuska Ɗaya, Tufafi Kala-Kala: Karatun Wata Waƙar Christina Rossetti

A Disambar 1856 Christina Rossetti, marubuciyar Ingila, ta rubuta waƙa mai layi 14 mai suna "In an Artist's Studio", wato a ɗakin aikin mai zane. Ba a buga ta ba sai 1896, bayan rasuwarta. Masana na danganta ta da yayanta, Dante Gabriel Rossetti, wanda ya yi ta zana Elizabeth Siddal ba ƙaƙƙautawa kafin ya aure ta a 1860. Siddal ma mai zane ce kuma mawaƙiya, ta rasu a 1862.

Masu nazari ta fuskar 'yancin mata sun daɗe da gano inda gizo ke saƙa. Mace ɗaya ce a kowane allo, nan sarauniya, can waliyyiya, can mala'ika, mai zanen kuma yana ƙoshi da fuskarta kamar abinci. Wannan ya zo daidai da bayanin Laura Mulvey na 1975 kan kallon namiji. Mun yarda, sai dai karatun yana barin makaranci a gefe da hannunsa a wanke.

Nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa karatu ne ya tona mana asiri. Waƙar ta faɗi launin tufafin matar, amma ba ta faɗi launin gashinta ko siffar hancinta ba. Mu masu rubuta manhaja mun san gurbin da aka bari babu komai: sai an cusa masa wani abu. Haka makaranci ke yi, ya ɗauko kyakkyawar da ke ransa ya liƙa. A wurinmu, wataƙila fara ce mai dogon hanci da dara-daran idanu, irin wadda littattafan soyayya suka saba jero mana gaɓa-gaɓa. Kafin mu ankara mun aikata laifin mai zanen.

Sai a layukan ƙarshe Rossetti ta juya wuƙar, da kalmar korewa. Ta ce matar da ke allon ba ta ƙoɗe da jira ba, baƙin ciki bai dusashe ta ba. Idan aka ce maka kada ka tuna giwa, ai giwar za ka fara gani. Ta wannan ƙofa kaɗai macen gaskiya ta shigo waƙar, a rame, a gajiye. Kuma jikin Siddal ya sha wuya da gaske: ta kwanta rashin lafiya bayan ta daɗe cikin bahon ruwan da ya huce, lokacin da John Everett Millais ke zana Ophelia.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, har a alƙalamin mace, Siddal ba ta furta ko kalma ɗaya ba.