Layi uku a jikin allo: sharhi kan wata sanarwa ga ɗaliban injiniya



A wanga ɗan littafi namu mun saba yin sharhi kan waƙa ko labari ko wasan kwaikwayo. Abin da na ɗauko yau bai kai can ba. Wata sanarwa ce mai layi uku da na iske an manna a allon wata tsangaya inda ake koyar da aikin injiniya, dab da takardun sakamakon zangon farko. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don na tabbata in kun duba allon tsangayarku za ku iske yayarta ko ƙanwarta. Ga abin da ta ce:

«Les étudiants en difficulté sont priés de se rapprocher du service de la scolarité pour une éventuelle réorientation.»

Wato ana roƙon ɗaliban da ke cikin matsala su kusanci biron sikolarite, wataƙila a sauya musu fanni.

Abin da ya kai ni gaban allon nan ƙanena ne, ɗan kawuna. Ya ci bak ɗinsa na lissafi da sakamako mai kyau, tun kafin ya ɗaure jakarsa mutanen garinmu sun fara kiran shi Injiniya. Kawu ya sai da rago biyu ya yi mishi guzuri. Zangon farko ya ƙare, darussa uku suka tsaya mishi ƙasa da 10 bisa 20. Wata biyu yana ɓoye mini. Da na gano, na ja shi muka tahi gaban allon, na nuna mishi sanarwar na ce ai ga shi an ce ku zo. Sai ya ce: «Yaya, in tahi in ce musu mi? In ce ga ni, ku kore ni?»

Na dawo ɗaki ina jin haushin shi. Daga baya na sake karanta jimlar da idon da aka koya mana a sashen ilimin harsuna, sai na ga yaron ya fi ni fahimtarta.

Mu fara da «sont priés». An roƙe su, to wa ya roƙa? Jimlar ba ta da mai magana. Babu sunan malami, babu lambar ɗaki, babu rana ko awa. Hausa ma tana da irin wannan, «an ce», «ana so», kuma kowa ya san lokacin da muke amfani da ita: lokacin da ba mu son a kama mu da magana. Yaron da ke jin kunyar makinsa ba zai iya kai kukansa wurin «an» ba. Mutum yake nema mai suna da fuska.

Sai «en difficulté». Kalmar ta ɗauki matsalar ta maida ta wani rami, ta saka ɗalibi a ciki shi kaɗai. Malamin da ya karanta darasin awa uku ba tare da ya juyo ya dubi aji ba, ba ya cikin ramin. Amfin da na baya ba sa jin abin da ake cewa a gaba, shi ma ba ya ciki. Ku lura da yadda mu kanmu muke rabon laifi da Hausa: hukuma ta ce «ya faɗi», ɗalibi ya ce «an kada ni». Fi'ili na farko ba shi da wanda ya tura, na biyu kuma ya wanke wanda ya faɗi sarai. Gaskiya tana tsakaninsu, kuma aikin mai ba da shawara shi ne ya zauna da yaro su gano nawa ne na santsi, nawa ne na turi.

«Se rapprocher» ya ɗora tafiyar a kan wanda ƙafarsa ta fi nauyi. Kuma ina zai nufa? Sikolarite, wurin rajista da kati da takardun maki. Ma'aikatan wurin suna aikinsu, amma ba su aka ɗauka don su gane dalilin da ya sa yaro ya kasa lissafin ƙarfin ƙarfe ba. Kalma ta ƙarshe ita ce ta kashe maganar. «Orientation» daga «orient» ta fito, wato gabas, inda muke fuskanta in za mu yi salla. «Réorientation» sake alƙibla ke nan. Tun ba a ji ta bakin yaro ba, sanarwar ta riga ta nuna mishi ƙofa.

Ga kuma lokacin da aka manna ta: bayan sakamako. Dabuwar na farko an yi shi makonni da dama kafin nan, kuma takardun sun nuna sarai wa ke nitsewa. Ihu bayan hari ke nan.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fada: aikin injiniya ba wasa ba ne, wanda zai gina gada ko ya ja wayar lantarki dole a tace shi, wanda bai iya ba ya kauce. Na yarda da rabin maganar. Ba na son hawa gadar wanda aka ba maki don tausayi. Inda na tsaya shi ne zaton cewa duk wanda rariya ta zubar tsakuwa ne. A Amurka wasu masu bincike biyu, Elaine Seymour da Nancy Hewitt, sun yi hira da ɗalibai 335 a jami'o'i 7, dukkansu sun shigo fannin kimiyya ko lissafi ko injiniya da maki mai ƙarfi a lissafi. Sun fitar da littafinsu a 1997. Abin da suka iske shi ne waɗanda suka bar fannin da waɗanda suka zauna ba su da wani bambancin ƙwaƙwalwa, kuma kukansu iri ɗaya ne: koyarwa maras kyau da rashin mai ba da shawara. Da yawa cikin waɗanda suka zauna sun tsira ne don sun gamu da wani, sau da yawa bisa sa'a, wanda ya riƙe su a daidai lokacin da suke shirin sakin igiya. Amurka daban, nan daban, amma tambayar ta shafe mu: nawa ne cikin waɗanda muke rasawa za su iya, da an tare su da wuri?

Da na zauna da ƙanena muka buɗe kayensa, sai na ga wani abu da ya shafi fannina kai tsaye. Lissafin bai gagare shi kamar yadda yake zato ba. Kalmomi ne suke yi mishi shigar burtu. «Moment» da ya sani tun firamare lokaci ne, a darasin makanik kuwa ƙarfi ne a ninka da tazara. «Couple» mata da miji ne a kan titi, a aji ƙarfin murɗawa. «Contrainte» takura ce, amma a darasin juriyar kayan gini ƙarfi ne a raba da faɗin wurin da ya hau. «Travail» ya fi ban haushi: matar da ta ɗauko tulu daga rijiya ta yi tafiyar kilomita a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a idon fizik nauyin tulun bai yi aiki ko ɗaya ba. Ga «soit», wanda a nan yana nufin «mu ɗauka», a can yana nufin «ko wannan ko wancan». Ga «en déduire», wanda ke gaya maka ka yi amfani da amsar da ka samu a sama, shi kuwa sai ya koma ya faro daga tushe har lokaci ya ƙare mishi.

Wani masanin koyon harshe a Kanada, Jim Cummins, ya bambanta harshen hira da harshen karatu. Ya nuna yaran baƙi kan kama na hira cikin kamar shekara 2, amma na karatu yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7, alhali suna zaune cikin masu harshen dare da rana. Mu kuwa Faransanci a aji muke barin shi mu tahi gida. Yaro zai iya zuba Faransanci a taron ɗalibai har a tafa mishi, ya shiga ɗakin jarrabawa jimla ɗaya ta ɗaure shi. Shi kansa ba ya sanin abin da ya ɗaure shi, sai ya ce kansa ne babu kyau.

Na tambaye shi, lokacin da yake zuwa garejin unguwarmu a hutu, in noti ya ƙi kwancewa mi bakanike ke yi. Ya ce: «Sai shi zura tiyo na ƙarhe cikin kile shi ƙara mata tsawo, shi danna.» Na ce don mi? Ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi shiru, sannan ya yi dariya. «Moment» ɗin da ya hana shi barci, hannunsa ya san shi tun yana kwaleji. Ni ban iya makanik ba, ban koya mishi komi ba. Tambaya kawai na yi da harshen da ba ya jin tsoron yin kuskure a cikinsa.

Wannan ba sabuwar magana ba ce a ƙasarmu. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, malamin fizik kuma masanin makamashin rana, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya kare koyarwa da harsunanmu. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ban ce gobe a fassara darussan injiniya duka ba, wannan aiki ne na shekaru. Abin da nake nema ƙarami ne: a ɗakin shawara, inda mutum biyu ke zaune, a bar yaro ya ce «ban gane ba» da harshen da ya haɗa su, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci. Kunya a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da aka tarbiyantar kada ya ɗaga ido gaban babba ba zai ɗaga hannu gaban mutum ɗari ya ce a sake ba.

Akwai misali ɗaya da ya kamata masu rubuta irin wannan sanarwa su sani. A tsakiyar shekarun 1970, a jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman ya so ya gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa a lissafin shekarar farko. Ya bi ɗalibai 20 baƙar fata da 20 ƴan asalin Sin, ya ga yadda suke karatu. Na farkon suna da himma, amma kowa shi kaɗai yake fama a ɗakinsa. Na biyun sukan yi nasu su kaɗai, sannan da dare su haɗu su ci abinci, su baje amsoshi, wannan ya kama kuskuren wancan. Sai ya kafa zaman aiki na rukuni-rukuni, kuma ga inda hikimar take: bai kira shi ajin masu rauni ba. Ya gabatar da shi a matsayin zaman zaƙaƙurai, ya ba su tambayoyin da suka fi na aji wuya. Faɗuwa ta ragu ƙwarai. Da ya rubuta «en difficulté» a ƙofar, da wa zai shiga?

Don adalci, sanarwar tamu ta fi babu. Wani ya tuna da waɗannan yara har ya zauna ya buga layi uku. Malamanmu kuma ba su da yawa, ɗalibai sun yi musu yawa, shekarun karatu suna hawan juna saboda yajin aiki da jinkiri. Harshe ma ba shi kaɗai ba ne ciwon: akwai burs da ke makara, akwai cunkoson ɗakin kwana, akwai mai shiga aji da yunwa. Amma a 2007 da ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD, alkawarin da ke ciki ya wuce ƙidayar kiredi 30 a zango da 180 a lisansi. Akwai rakiyar ɗalibi a ciki. Ƙidayar kam muna ganinta a allo kowane zango. Rakiyar, a inda na duba, layi ukun nan ne.

Mu ma ɗalibai da namu. Muna da fada a kowace kusurwa, mu kwana muna shayi da gardamar ƙwallo, amma wanda ya samu 4 a dabuwar sai ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin katifa. Abin da Treisman ya sha wahala ya gina, mu muna da shi da tabarmarsa da butarsa, kaye ne kawai ba mu kawowa. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Ku dubi ma yadda harshen ya raba: akwai «ba da shawara», daga sama zuwa ƙasa, akwai «yin shawara da», inda kowa ke riƙe da gefen jinka. Ɗalibin shekara ta uku da ya haye darasin bara ya fi kowa sanin inda santsin yake, kuma ba a jin kunyarsa kamar malami.

Da ni aka ba alƙalami, ga yadda zan rubuta ta, da Faransanci da harsunanmu, a manna ta mako guda bayan dabuwar na farko: «Ni malam wane, ina ɗaki kaza kowace Laraba daga ƙarfe 4 zuwa 6, tare da yayyenku na shekara ta uku. Za mu warware tambayoyin da suka fi ba mutane wuya. Mai 5 ya zo, mai 15 ya zo. Ku taho da takardunku.» Ba ta fi waccan tsada ba, takarda ɗaya ce da awa biyu.

Ƙanena dai bai je sikolarite ba. Yanzu su biyar ne suke haɗuwa bayan isha'i ƙarƙashin fitilar bakin titi, ɗaya daga cikinsu ɗan shekara ta uku ne. Sun buɗe shafi a bayan kaye inda suke tara kalmomi masu fuska biyu, ni kuma nakan leƙa in duba musu. Jarrabawar zagaye na biyu saura mako uku. Kawu ya kira shekaranjiya yana tambayar lafiyar Injiniya, na miƙa mishi wayar, ya fita waje da ita, ya daɗe bai dawo ba.

Allah shi ba mu sa'a baki ɗaya.