Wa Ya Faɗa? Mai Karatu Tsakanin Labari da Tatsuniya

Duk malamin da ya taɓa karantar da Shaihu Umar ya san tambayar da ke biyo bayan shafin ƙarshe. Aji ya kan yi tsit, sa'an nan wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai da gaske an yi wannan mutum?" In an ƙare Ruwan Bagaja ba mai yin wannan tambaya, sai dai a yi ta dariya ana maimaita wa juna wahalar da Malam Zurƙe ya sha. In kuwa Ganɗoki ne, rabuwa a ke yi biyu: waɗansu jininsu ya tafasa tun daga farko har ƙarshe, waɗansu kuma su ce littafin ya fara da kyau, amma ya ɓace musu a tsakiya. Yawancin malamai su kan ɗauki irin wannan magana surutun aji ce kawai, su yi maza su koma kan jigo da salo da zubi, gama su a ke tambaya a jarrabawa. Wannan kuwa asara ce. Tausayi da dariya da ƙin yarda, su ne shaidar farko ta aikin da littafi ya yi, kuma ba haka kawai su ke zuwa ba. Suna da ƙa'ida, ana kuwa iya bin sawunta.

Tun kafin boko Bahaushe ya raba zancen baka gida biyu. Akwai tatsuniya, wadda a ke yi da dare, galibi tsakanin mata da yara, tana da mabuɗinta da marufinta, mai yin ta kuma ya kan rufe da amsa cewa ƙarya ya shirga, ya jingina laifin ga Gizo. Akwai kuma labari, watau abin da ya faru ko a ke ɗauka ya faru, wanda manya ke bayarwa a zaure ko a fada, ana kuwa iya tambayar mai ba da shi a bakin wa ya ji. Takarda ita ta malamai ce. Abin da aka rubuta ilmi ne, ilmi kuwa da sanadinsa ya ke tafiya. Sabo da haka sa'ad da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasa a 1933, ya nemi malamai su ƙago labari su rubuta, abin da ya roƙa shi ne a zuba tatsuniya a mazubin ilmi, a miƙa wa manya da rana tsaka. Shi da kansa ya bayyana, a maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936, irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda wannan aiki bai ƙasƙantar da su ba.

Uku daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar sun bi hanya ɗaya wajen warware wannan matsala. Ba marubucin da ya tsaya da bakinsa ya ba da labarin. Kowanne ya zaunar da wani mutum gaban masu sauraro, ya sa masa maganar a baka. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ke ba Koje Sarkin Labari tarihinsa a Kwantagora. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, shaihin malami ne ke amsa tambayar almajiransa a Rauta. A Ganɗoki na Bello Kagara, tsohon mayaƙi ne yara suka kewaye. Ta fuskar nahawu ba wani bambanci: duka ukun da bakin mai magana su ke, na tashi, na tafi, muka isa, kuma duka a kan jerin shuɗaɗɗen lokaci na biyu su ke tafiya, irin na sai ya ce, suka tashi, wanda tatsuniya da tarihi suka yi tarayya a kansa. Ashe abin da ya raba yadda a ke jin su ba a cikin ginin jimla ya ke ba. Yana ga matsayin wanda aka zaunar. Mai karatu na Hausa kafin ya auna magana, mai maganar ya ke fara aunawa.

Ruwan Bagaja ya fi sauƙi. Wanda ke magana ɗan duniya ne, mai sauraronsa kuma mutum ne da ya mai da farautar labari sana'a, don haka tun daga ƙofa an gaya wa mai karatu ya ajiye awo ya sha daɗi. Shi ya sa ya ke dariya a wuraren da, in da a wani littafi ne, ransa zai ɓaci. A dubi gardamar ilmin nan da aka yi gaban mutanen gari, inda Alhaji, wanda ba shi da karatu, ya shata lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce Zurƙe ya faɗi mene ne. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙen Larabci, Alhaji ya ce tsayuwar wata ce, jama'a suka ba jahili gaskiya suka kori mai sani. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, abin mamaki kuwa shi ne ɗaliban da ke shirin zama malamai su suka fi kowa ƙyaƙyata shi. Ba muguntarsu ba ce. Sun gane wasa a ke yi, sun kuma san Zurƙe zai rama a gari na gaba, kamar yadda a ke yi tsakanin abokan wasa. Imam ya amsa cewa Muƙamatul Hariri ta yi masa tasiri, kuma wanda ya karanta ta a zaure zai ga kamar: mutum biyu suna rabuwa suna haɗuwa gari gari, wayo da fasahar baki su ne abin kallo. Sai dai malamin da ya nace sai ɗalibai sun fitar da wa'azi daga kowane babi na wannan littafi, ya sa su aikin tatsar bijimi.

Shaihu Umar shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Tafawa Balewa yana da shekara 21 yana koyarwa a Midil ta Bauci sa'ad da ya rubuta shi, amma bai ba wani saurayi maganar ba, ya ba dattijon da mutane ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Irin wannan mutum ba a ƙaryata shi. Sa'an nan ya hana shi ado. Karin magana da zaurancen da Imam ke zubawa kamar ruwa, a nan da wuya a gamu da su, sai magana miƙaƙƙiya da sunayen wurare waɗanda fatake suka sani: Kagara, Fatika, Maƙarfi, Kano, Murzuk, Tarabulus. Abubuwan da ke ciki kuma, harin bayi, da sharrin fadawa da ya sa aka kori Makau, da satar yaro, da ayarin da ke ƙetare hamada, duk a 1934 akwai tsofaffi da rai waɗanda suka gan su da idonsu. Sabo da haka mai karatu ya kan sa littafin a gidan labari ba da saninsa ba, tausayin da ya ke ji wa uwar Umar kuma, wadda ta fita neman ɗanta ta ƙare a bauta, ta gan shi a Tarabulus ba ta daɗe ba ta rasu, irin tausayin da a ke ji wa mutumin da aka sani ne. Har ma ya kan yafe wa littafin wani aibi bayyananne. Umar yana ba da labarin abubuwan da suka faru yana jariri, da waɗanda suka sami Makau da uwarsa a inda ba ya nan, dalla dalla har da maganganun da aka yi. Da Alhaji Imam ne ya yi haka, da an ce ga shi nan ya fara. Da ya ke Shaihu ne, ba mai tambaya.

Wannan yarda tana da tsada, kuma a nan ne masu karatu na yanzu suka rabu da na dā. Na dā haƙurin Umar da tawakkalinsa su ke yabo. Na yanzu, musamman mata, da yawa su kan fito daga littafin da fushi. Makau, mutumin kirkin labarin, shi kansa da shi a ke zuwa harin bayi. Abdulkarim, wanda ya riƙe Umar kamar ɗansa ya sa shi karatu, fataucin bayi ne ya kawo shi Kano. Shaihun kuwa yana ba da wannan duka da murya ɗaya, ba ya tsayawa ya la'anci cinikin da ya cinye uwarsa. Ɗalibar da ta ce wannan shiru ya dame ta ba ta kauce wa littafin ba, ta kai ga zuciyarsa ne. Ko shirun nan rauni ne na marubuci, ko kuwa gwaninta ce ta barin abu ya faɗi kansa, magana ce da aji zai iya kwana a kanta, ra'ayi na biyu kuwa ya fi ƙarfi, gama da Shaihu ya tsaya yin huɗuba da an daina jin sa a matsayin mai shaida. Amma abin lura shi ne ba wanda ke fushi da Alhaji Imam, alhali ɓarnar da ya yi da hannunsa ta fi ta Umar nesa ba kusa ba. Wanda aka gaskata shi a ke tuhuma.

Kada a zaci abin al'ajabi shi ke sa a ƙi yarda. Littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ya fito juzu'i biyu a 1932 da 1933, fassara ce ta rubuce-rubucen Larabci, a cikinsa kuma akwai Tarihin Kano. A nan ne a ke samun Barbushe na Dala, wanda aka ce ya kan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ba abin da Ganɗoki ya yi da ya fi wannan, amma mai karatu ya kan wuce shi ba tare da ya yamutsa fuska ba. Dalili kuwa shi ne tarihi ba ya cewa na gani. Cewa ya ke yi an ce, ko ya jingina ga mutanen dā, kuma Hausa tana da ƙananan kalmomi, wai da an ce da aka ce, waɗanda aikinsu shi ne su sauke wa mai magana nauyi su bar mai ji ya riƙe abin a hannu, bai yarda ba bai kuma ƙaryata ba. Akasin wannan shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi na 1944, labarin tafiyar da Imam ya yi zuwa Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sunan nan Imam da ya yi yawon neman ruwan bagaja shi ne ya dawo bayan shekara 10 yana cewa na tafi, na gani, wannan karon da gaske. Abin da ya tsaya masa shi ne jarida: mutane sun riga sun saba jin muryarsa a wurin da a ke faɗin abin da ya faru.

Ganɗoki shi ne ya karya ƙa'idar, shi ya sa ya ke raba aji. Bello Kagara an haife shi a 1890, ya yi wayo sa'ad da Turawa suka ci Kwantagora da Bida a 1901, kashin farko na littafinsa kuwa a kan wannan ƙasa mai tauri ya ke tafiya, har zuwa fitar Sarkin Musulmi Attahiru gabas da yaƙin Burmi na 1903. Kirari da zugar da ke ciki ba sa rage yarda, gama kowa ya san haka mayaƙi ke magana, ana kuma rage masa kashi ɗaya cikin uku a karɓi saura. Sai ga shi bayan an bar ƙasar Hausa, mutumin nan da ya tsaya gaban bindigar Nasara, da ɗansa Garba Gagare, sun faɗa duniyar aljannu da sarakunan da ba su cikin kowane tarihi, da wannan bakin na na gani, ba wai, ba an ce. Mai karatun da ya shiga da alwalar labari sai ya tsinci kansa a dandalin tatsuniya ba a yi masa sallama ba. Wanda ya ce littafin ya ɓace masa a tsakiya, daidai wannan gaɓa ya ke nufi, ya kuwa fi wanda ya haddace cewa jigon littafin jaruntaka ne kusa da fahimta.

Akwai masu kare Bello Kagara da cewa da gangan ya yi: wanda aka ci da yaƙi a fili, ba inda ya rage masa ya yi nasara sai a mafarki. Wannan karatu yana da kyau, kuma ya dace da yadda kashin na biyu ke cike da cin garuruwa da musuluntar da su, watau duk abin da ya gagara a Burmi. Sai dai bai warware kashi na ƙarshe ba. Ganɗoki ya komo gida ya tarar da ƙasa ta kwanta a ƙarƙashin waɗanda ya yaƙa, ga makarantu ga sababbin abubuwa, littafin kuma ya sassauta murya ya karɓi zamanin. A nan ba aljani ko ɗaya, ba abin da hankali zai ƙi, duk abin da aka ambata ya faru. Duk da haka a wannan wuri ne masu karatu da yawa, har waɗanda suka bi shi cikin aljannu da murna, su ke janye yardarsu. Sun daina jin tsohon mayaƙin da yara suka kewaye, sun fara jin malamin gwamnati yana rubuta wa hukumar da Bature ke shugabanta, wadda za ta buga littafin ta raba wa makarantun En'e.