Fushin Sardauna da Lissafinsa: Bitar Littafin "My Life"

A 1962 maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fitar da "My Life", tarihin rayuwar Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a lokacin yana kan kujerar Firimiyan Jihar Arewa. Da Turanci aka rubuta shi. Yawancinmu mun fi sanin hoton mutumin fiye da littafinsa. Ana rataye hoton a shaguna, ana ambaton sunansa a kowane taron siyasa, amma ba kowa ne ya zauna ya karanta abin da ya faɗa da bakinsa ba. Littafin ya faro daga Rabah, ya bi ta Kwalejin Katsina, da aikin malanta a Sakkwato, da hakimci, har zuwa samun 'yancin kai. Duk da daɗin waɗannan babuka, inda littafin ya fi nauyi a wurina shi ne shafukan 1953, shekarar da Arewa ta je har bakin ƙofar fita daga Nijeriya, sannan ta tsaya ta yi lissafi.

Ranar 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa Nijeriya ta karɓi mulkin kai a 1956. Arewa na da kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓun wakilai, don haka ba abin da zai wuce sai da yardarta. Sardauna ya miƙe ya nemi a cire shekarar, a bar maganar zuwa lokacin da aka shirya. Hujjarsa ita ce Arewa ba ta da isassun 'yan boko, kuma idan Bature ya tafi a 1956, ofisoshin Kaduna da Kano za su faɗa hannun mutanen Kudu. Wakilan AG da NCNC suka fice daga zauren. A waje jama'a suka yi wa wakilan Arewa ihu da zagi, suna kiran su 'yan koren Turawa. A zauren majalisar ne Sardauna ya kira haɗewar Arewa da Kudu ta 1914 kuskure.

Yadda ya ba da labarin komawarsu gida yana daga cikin wuraren da alƙalaminsa ya fi kaifi. Jirgin ƙasa ya taso daga Ikko ɗauke da wakilan Arewa, kusan duk tashar da ya tsaya sai a tarar da masu ihu, har bayan an shigo ƙasar Arewa, inda galibin ma'aikatan reluwe mutanen Kudu ne. Mai karatu na jin zafin abin a jikinsa: manyan mutane masu rawani, waɗanda a garuruwansu sai an durƙusa ake gaishe su, suna zaune a tarago ana yi musu ature ta taga. Sardauna bai ɓoye cewa ransa ya ɓaci ba, kuma bai yi wa fushin ado ba.

Abin bai tsaya nan ba. A tsakiyar Mayu tawagar AG ƙarƙashin Samuel Akintola ta shirya taro a Kano, rikici ya ɓarke daga ranar 16 zuwa 19 ga wata tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. Kwanaki kaɗan bayan haka Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka zauna a Lugard Hall a nan Kaduna, suka amince da ƙudurori takwas. A taƙaice: kowace jiha ta riƙe mulkinta gaba ɗaya, babu majalisar tsakiya, babu gwamnatin tsakiya, sai dai wata hukuma wadda ba ta siyasa ba da za ta kula da tsaro da harkokin waje da kwastan, reluwe da tashoshin ruwa da lantarki su koma hannun hukumomin haɗin gwiwa, kuɗin kwastan a karɓa a bakin teku a miƙa wa jihohi, kowace jiha da ma'aikatanta. Tsakanin wannan da rabuwa, tazarar ba ta da yawa.

To me ya hana a ƙarasa? Amsar wannan tambaya ce ta sa nake girmama littafin. Sardauna ya yarda cewa kiran ɓallewa ya yi ƙarfi a lokacin, kuma shi kansa abin ya ja hankalinsa. Shugaba mai ci ya rubuta haka shekara biyu kacal bayan samun 'yanci, wannan ba ƙaramar gaskiya ba ce. Daga nan sai ya sauko daga fushi ya shiga lissafi a gaban mai karatu. Yawancin kuɗin gwamnati daga kwastan yake fitowa, kwastan kuwa a bakin teku ake karɓarsa, Arewa kuma ba ta da teku. Gyaɗa da auduga da fata da kuzar Jos, duk sai sun bi layin dogo zuwa Ikko ko Fatakwal kafin su zama kuɗi. Idan an rabu cikin gaba, wa zai ba da tabbacin cewa maƙwabcin da aka ɓata da shi zai bar tarago su wuce, kuma a kan nawa? Da ya auna wannan, sai ya zaɓi a sassauta ɗaurin maimakon a tsinke igiyar.

Wannan lissafi shi ne ya tafi da su taron Landan a Yuli da Agusta 1953, bayan Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya yarda a sake tsarin mulki. Aka ci gaba a Ikko a farkon 1954. Arewa ta sauka daga ƙudurorinta takwas, ta karɓi tarayya mai jihohi masu ƙarfi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1954. AG ta nemi a rubuta wa kowace jiha 'yancin ɓallewa a tsarin mulki, ba a amince ba. Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, a lokacin da ita ta zaɓa. Wato ƙudurin Lugard Hall bai tafi a banza ba: da shi aka yi ciniki, aka samo abin da ake nema ba tare da an rasa hanyar teku ba.

Mu mazauna Abakpa ba mu da nisa da wuraren da aka yi wannan tarihi. Daga unguwarmu zuwa Lugard Hall ko gidan Sardauna da ke titin Rabah, wanda yau ya zama Arewa House, tafiyar ɗan lokaci ce a keke Napep. Maganar rabuwa kuwa ba ta bar teburin mai shayi ba. Kwanakin baya wani matashi ya buga benci yana cewa a raba ƙasar kowa ya huta. Wani dattijo da ya tsufa a fataucin albasa zuwa Kudu ya ajiye kofinsa.

"Yaro, na ji ka. An raba. Motata tana Lakwaja da buhu ɗari biyu. Ta wuce ko ta juyo?"

"Baba, ai sai a zauna a yi yarjejeniya."

"Da wa? Da wanda ka gama zagi jiya?"

Dattijon bai taɓa buɗe "My Life" ba, amma tambayarsa ita ce ta Sardauna. Ya kuma san abin da yake faɗa, domin a 2021, da dillalan abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Ikko, a nan kuma tumatir ya faɗi warwas a hannun manomi. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Duniya ma ta yi ta maimaita darasin. Ranar 23 ga Yuni 2016 kusan kashi 52 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Ƙuri'ar yini ɗaya ta ɗauka, amma muhawarar yadda za a fita ta kai su har 31 ga Janairu 2020. Sau uku majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar Firaminista Theresa May, kuma abin da ya fi cije musu shi ne kwastan da iyakar Ayilan. Kusa da mu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairu 2024, ficewar ta tabbata a Janairu 2025. Dukkansu ba su da teku. Duk wanda yake da ɗan'uwa a Maraɗi ko Jibiya ya san abin da rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya yi wa kasuwa, ya kuma san wahalar da kayan Nijar suka sha da hanyar Kwatano ta toshe, aka koma zagaye ta Lome. Ko mutum yana goyon bayan ficewar ko ba ya yi, tambayar tasha da hanya tana nan tana jiran amsa.

Littafin yana da rauninsa, kuma ƙaunar marubucin ba za ta sa a rufe ido ba. Sardauna yana magana kamar Arewa baki ɗaya take da murya ɗaya, alhali tun 1950 jam'iyyar NEPU take Kano, Malam Aminu Kano da mutanensa suna da ra'ayi dabam kan 'yanci da kan mulkin en'e. Ba a ba hujjarsu fili yadda ya kamata ba. Haka ma ƙananan ƙabilun tsakiyar ƙasa, waɗanda su ma suke neman tasu jihar daga cikin Arewa: wanda ya nemi a sassauta masa a Ikko, ya dace ya saurari mai neman sassauci a gida da irin wannan kunne. Sannan lissafin nasa ya fi karkata ga kaya da kuɗi. Na so a ce ya daɗe a kan mutane, Bahaushen Sabo a Ibadan da Ibon Sabon Gari a Kano, waɗanda su ne ake fara taɓawa duk ranar da manya suka yi fushi. Akwai kuma wuraren da dogayen jawaban majalisa suka danne labari, sai mai karatu ya daure.

Sardauna bai rayu ya ga gwaji na biyu ba. An kashe shi a gidansa ranar 15 ga Janairu 1966, Allah ya jiƙansa. A watannin da suka biyo baya aka yi ta kiran "araba" a garuruwan Arewa, aka zubar da jini, ƙasa ta shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A Yuni 2017 kuma, a Arewa House ɗin nan, wasu ƙungiyoyin matasa suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, daga baya suka janye. Sun ɗauki fushin mai gidan, suka bar lissafinsa.

Shi ya sa nake son malaman tarihi da na siyasa su sa ɗalibansu karanta shafukan 1953, gidajen rediyon Kaduna kuma su fassara ma'anarsu ga masu saurare. Littafin bai haramta wa kowa tunanin rabuwa ba, tun da marubucin kansa ya yi shi. Abin da ya koyar shi ne sharaɗin shiga wannan muhawara. Duk mai kiran a raba, daga Kudu yake ko daga Arewa, a ba shi dama ya yi magana, amma ya zo da amsa a hannu: ta ina kaya za su fita, wa zai karɓi kwastan, wa zai biya bashin da aka ci tare, kuma ina makomar miliyoyin mutanen da suka haihu suka yi jikoki a ɗaya ɓangaren.