Bakin Ja-gora a Baje Kolin Kayan Tarihi: Daga Durɓi Takusheyi zuwa Kankiya

Nuni iri biyu ake yi a gidan tarihi. Akwai kayan da aka jera na dindindin, irin na Gidan Makama a Kano ko na ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, waɗanda ko bayan shekara goma mutum ya koma zai same su inda ya bar su. Akwai kuma baje koli na wucin gadi, inda ake aro kaya daga wurare daban-daban, a haɗa su kan jigo guda na 'yan watanni, sannan a kwance a mayar wa kowa nasa. Wannan na biyu, rayuwarsa a bakin ja-gora take, wato mutumin da ke zagayawa da baƙi yana yi musu bayani. Dalilin da ya sa aka ajiye wannan kusa da wancan yana cikin kan waɗanda suka shirya nunin, ba a rubuce yake a jikin kayan ba. Mai kallo kuwa sau ɗaya zai zo. In bai ji dalilin a ranar ba, kafin ya dawo an watse.

Kayan Durɓi Takusheyi sun isa hujja. Wurin yana ƙaramar hukumar Mani, gabas da birnin Katsina, kuma tarihin baka ya ce nan ne kushewun sarakunan Durɓawa. Wani Bature mai suna Palmer ya haƙa wasu tuddan a 1907, aka sake haƙa wasu a 1992, aka sami kayan ado na zinariya, da duwatsun wuya, da wuri, da tasoshin ƙarfe da masana suka danganta da ƙasashen Musulmi na gabas. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su. A 2019 gidan zane-zane na Block da ke Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago a Amurka, ya buɗe nunin Caravans of Gold, kan cinikin zinariya ta hamadar Sahara, da kaya fiye da 250, ciki har da aro daga Mali da Maroko da Najeriya, kuma na Durɓi suna ciki. Daga nan nunin ya wuce gidan tarihi na Aga Khan a Toronto. Da yawa daga abin da aka baje gutsattsari ne. Akwai ɗan ɓallin tangaran ƙirar Sin da aka tono a Tadmakka ta ƙasar Mali, wanda in a hanya aka gan shi ba mai sunkuyawa ya ɗauka. Sai an tsaya an faɗa wa mutum nisan da ya ratso kafin ya san abin da yake kallo. Haka tasar Durɓi: ido tasa kawai zai gani, bayani ne zai nuna masa cewa manyan ƙasar Katsina na wancan zamani suna cikin cinikin da ya kai har bakin Bahar Rum.

To, an yi wannan bayani da Jamusanci, an yi da Turanci. Ɗalibin sakandare a Kankiya, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, ko ɗan uwansa na Kusada, da wuya a ce an taɓa tsayawa da shi gaban ko da hoton waɗannan kaya an warware masa labarinsu da Hausa, alhali a jiharsu aka tono su.

Wasu masu nazarin zane suna ƙin ja-gora, suna cewa yana danne idon mai kallo, ya cusa masa fahimtarsa tun bai kalli abin da kansa ba. Maganar tana da ƙarfi a kan zanen fenti, wanda aka yi shi don ya yi magana da ido. Ba ta da shi a kan kayan da aka tono daga ƙasa. Kuma abin da suke so ya maye gurbin ja-gora, wato ɗan rubutun da ake mannawa gefen gilashi, shi ma fahimtar wani ce, sai dai ba a iya yi masa tambaya, ga shi a nan ƙasar galibi da Turanci ake rubuta shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta gaskiyar abin da ake faɗa. Al'adar rakiyar baƙo da bayani ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A rijiyar Kusugu ta Daura ana ba mai ziyara labarin Bayajidda da macijiya tiryan-tiryan. Matsalar ita ce mai ba da labari yakan zuba hikaya da binciken masana a ƙwarya ɗaya, baƙo ya tafi bai san wanne ne wanne ba. A Durɓi, in ja-gora ya nuna wani tudu ya ce nan Sanau, sarkin Durɓawa, yake kwance, wanda Korau ya kayar, ya faɗi abin da haƙa ba ta tabbatar ba. Amma maganin wannan horo ne. A koya masa ya raba "an ce" da "an tono", ya faɗi duka biyun, ya kuma bari a yi masa gardama. Labarin Sanau da Korau shi kansa gado ne, laifin kawai a sayar da shi da sunan binciken ƙasa.

Saura batun tsaro da kuɗi, in za a kawo irin wannan nuni Kankiya da Kusada. Ba mai hankalin da zai ce a ɗauko zinariyar Durɓi a ajiye a zauren makaranta. Manyan hotuna da kwafin kayan sun wadatar, a haɗa da aikin maƙera da dukawa da masaƙa na yankin, da allunan zayyana da ke gidajen malamai, a aro na mako biyu a mayar. Irin wannan nuni ma ya fi buƙatar ja-gora, tunda ba ƙyallin zinariya da zai riƙe mutane.

Ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya kowace shekara. Ya kamata Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su shirya irin wannan nuni a makon, su fara da horar da malaman makaranta 'yan yankin da za su yi ja-gorancin da Hausa.